Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Raddi ga Masu Cewa "Ai An Biya Ta"



Akwai wata magana da ake yawan jefawa duk lokacin da aka tayar da zancen mawaƙin da aka ci guminsa: "Ai an biya shi, me kuma yake nema?" Masu faɗarta suna faɗa ne cikin sigar dattaku, kamar sun kashe bakin zance. Ni kuwa a ganina babu maganar da ta fi ta rufa wa macuci asiri. Hujjata a kan haka ita ce rayuwar wata baƙar fatar Amurka mai suna Martha Wash, wadda duniya ta haddace muryarta shekaru kafin ta san sunanta.

Kiɗan da ta yi fice a cikinsa ana kiransa hawus, kuma a birnin Shikago aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1970 kiɗan disko ya fara fuskantar ƙyama a Amurka, har ta kai a ranar 12 ga Yulin 1979 aka tara faya-fayansa a filin wasa na Comiskey aka tarwatsa su a gaban dubban 'yan kallo. Manyan kamfanoni suka janye jiki. Amma a wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda Frankie Knuckles yake saka faifai tun 1977, matasan baƙar fata ba su saki kiɗansu ba. Suka riƙa yanka tsofaffin waƙoƙi suna haɗawa, suna ƙara musu bugun na'urar ganga, har wani sabon salo ya tsiro. Daga sunan wannan gida ake jin kalmar hawus ta fito. Bugunsa na inji ne, ba ya gajiya, ba ya numfashi. Abin da ke hura masa rai shi ne muryar ɗan Adam, kuma mafi yawan muryoyin da suka yi wannan aiki na mata ne baƙar fata da suka koyi rera waƙa a coci.

Martha Wash ɗaya ce daga cikin waɗannan mata. An haife ta a San Faransisko ranar 28 ga Disamban 1953. Ta fara waƙa a coci tun tana ƙarama, ta kuma samu horon murya a makaranta. A tsakiyar shekarun 1970 ta zama 'yar amshin wani fitaccen mawaƙin disko mai suna Sylvester, ta kuma jawo ƙawarta Izora Armstead suka riƙa yi tare. Su biyun mata ne masu ƙiba, kuma ba su ɓoye ba, domin sunan da suka fara ɗauka ma, Two Tons o' Fun, ishara ne ga nauyin jikinsu. A 1982 suka fitar da "It's Raining Men", waƙar da ta sa suka koma Weather Girls, ta kuma kai sunansu har Turai. Wannan ya nuna cewa kafin abin da zan ba da labari ya faru, Martha ba baƙuwa ba ce a sana'ar. Tana da suna, tana da tarihi, kuma duk wanda ke harkar ya san muryarta.

Da tafiyar su biyun ta watse a ƙarshen shekarun 1980, sai ta koma aikin situdiyo, ana kiranta ta rera waƙa a sallame ta. A 1989 wasu Italiyawa uku masu tsara kiɗa, Daniele Davoli da Mirko Limoni da Valerio Semplici, waɗanda ke aiki da sunan Black Box, suka nemi ta rera musu waƙoƙi. Abin da ta ce an gaya mata shi ne waƙoƙin gwaji ne, wata mawaƙiya za ta saurara ta koya. Da kundinsu mai suna Dreamland ya fito a 1990, sai ga muryar Martha a kan waƙoƙi shida, ciki har da "Everybody Everybody" da "Strike It Up", amma ba a ambace ta a matsayin mai rerawa ba. Hoton da ke bangon faifan na wata siririyar Bafaranshiya ce mai tallan tufafi, Katrin Quinol, kuma ita ce ke motsa baki a bidiyo.

Ba a kanta suka fara ba. Waƙar da ta fara ɗaukaka Black Box, "Ride on Time", ta yi mako shida tana ta ɗaya a Birtaniya, kuma babu waƙar da ta kai ta sayuwa a ƙasar a 1989. Muryar da ke cikinta ta Loleatta Holloway ce, 'yar Shikago, an yanko ta ne daga wata waƙarta ta 1980 ba tare da izini ba, aka ɗora wa wannan Bafaranshiyar dai. Sai da lauyoyi suka shiga tsakani. Abin da aka yi sau biyu da tsari iri ɗaya ya wuce a kira shi kuskure.

A wannan tsakanin ne kuma wasu Amurkawa biyu, Robert Clivillés da David Cole, masu ƙungiyar C+C Music Factory, suka fitar da "Gonna Make You Sweat". Duk wanda ya yi samartaka a farkon shekarun 1990 kuma yana kusa da rediyo zai tuna da ƙarar macen nan da ke buɗe waƙar kamar tsawa. Muryar Martha ce. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard a watan Fabrairun 1991. Wadda duniya ta gani a bidiyo kuwa Zelma Davis ce, wata matashiya haifaffiyar Laberiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To, yanzu sai mu dawo ga masu cewa an biya ta. Gaskiya ne an biya ta. Amma ladan me? Wanda ya ce wa maƙeri, "Ƙera mini samfuri in nuna wa almajirina," ya biya kuɗin samfuri, sannan ya kai shi kasuwa ya sayar da dubbai da tambarin wani, shin ya cika ciniki? Farashi yana bin abin da aka faɗa a bakin ciniki. In an ɓoye manufar, to yardar da aka samu ba yarda ba ce. Wannan ƙa'ida ba sai an je kotun Amurka ake saninta ba, dillalin kasuwar ƙauye ma ya san ta.

Na biyu, ko da an biya ta ninki goma, akwai abin da kuɗin aikin yini ba ya saye, wato suna. Mawaƙi ba shi da gona, ba shi da shago. Jarinsa ɗaya ne: a ji murya a ce ta wane ce. Da wannan ake gayyatarsa wasa, da shi yake ɗaga farashinsa, da shi zai ci abinci ranar da muryar ta tsufa. Wanda ya raba muryar da sunan ya cinye ribar yau, ya haɗa da irin shukar baɗi. Ku duba abin takaici: mace tana kallon akwatin talabijin, muryarta na fita daga bakin wata, kuma idan ta hau dandamali ta rera waƙar da kanta, wasu su ɗauka ita ce ke kwaikwayo.

Akwai masu wani uzurin da ya fi wannan wayo. Suna cewa kiɗan hawus kiɗan mai na'ura ne, murya a cikinsa kayan haɗi ce kawai, kamar gishiri a miya, kuma ba a rubuta sunan mai gishiri a jikin tukunya. In haka ne, me ya sa ba a bar bangon faifan babu hoton kowa ba? Me ya sa aka nemo mace aka yi mata kwalliya, aka koya mata motsa leɓe daidai da numfashin wata? Wannan wahala da suka sha ita ce shaidar da ke kansu. Sun san cewa mai saye yana neman mutum a bayan muryar, sai suka ba shi mutum na jabu. Ba a ɓoye abin da ba shi da daraja.

Wani zai ce, ai mu ma mun saba ganin haka a finafinan Indiya da na Hausa, jaruma na motsa baki, wata ce ta rera. Misalin bai yi daidai ba. Mai kallon fim ya san wasa yake kallo, kuma duk duniya ta san Lata Mangeshkar ce ta rera abin da jarumai mata da yawa suka motsa wa baki, har sunanta ya girmi na yawancinsu. Haka magatakarda yake rubuta wasiƙa shugaba ya sa hannu, babu wanda aka yaudara, domin kowa ya san tsarin kuma an yi shi da yarda. Abin da ya ɓata lamarin Martha shi ne ƙarya: an nuna wa jama'a wata fuska an bar su a kan cewa ita ce mai muryar. Inda kuma aka samu mawaƙin fim da aka danne sunansa, ko a wace ƙasa ce, hukuncinsa ɗaya ne da wannan, kuma yawan aikata abu ba ya halatta shi.

Dalilin da ya sa aka ɓoye ta shi ne mafi muni a cikin labarin. Ba don muryarta ta gaza ba, ai muryar ce ta sayar da faifan. An ɓoye ta ne don ƙibarta, a zamanin da tashar MTV ta mayar da waƙa abin kallo, masu kasuwa suka yanke cewa ido ba zai so abin da kunne ya riga ya so ba. Wasu suna kiran wannan sanin kasuwa. Ina tambayarsu: a 1982 ba da wannan jikin ta tsaya gaban kyamara ba, duniya ta karɓe ta? Masu kasuwar sun ɗora wa jama'a raininsu ne, suka ce jama'a ne ba sa so. Ba na kuma ganin laifin 'yan matan da aka tsayar gaban kyamara kamar yadda nake ganin na waɗanda suka tsayar da su. Zelma Davis mawaƙiya ce da kanta, ta rera wasu waƙoƙin ƙungiyar da muryarta, amma aka jefa ta cikin zargin da ya daɗe yana bin ta. Dabara ɗaya ta cuci mata biyu.

Martha ba ta tsaya kuka a ɗaki ba. A 1990 ta kai ƙarar Black Box da kamfanin RCA, kafin shekarar ta ƙare aka yi sulhu, aka amince a riƙa sa sunanta, kamfanin kuma ya ba ta kwantiragin fitar da nata faya-fayan. A watan Disamba na wannan shekara ta sake shigar da ƙara a kan C+C Music Factory da kamfaninsu. Lokacin ya taimake ta, domin a watan Nuwamba ne asirin Milli Vanilli ya tonu, aka gano ba su suka rera waƙoƙinsu ba, aka ƙwace kyautar Grammy da aka ba su. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shari'a ta biyu ta ƙare da sulhu a 1994, kuma kamfanin Sony ya nemi MTV ta ƙara rubutu a jikin bidiyon da ke bayyana cewa murya ta Martha Wash ce, siffa kuma ta Zelma Davis.

Da aka ba ta dama da sunanta, sai ta ƙaryata masu kasuwar a aikace. Kundinta na farko ya fito a 1993, kuma waƙoƙi biyu daga cikinsa, "Carry On" da "Give It to You", sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin kiɗan rawa na Amurka. A 1994 ta koma ta yi aiki da C+C Music Factory, wannan karon da sunanta da fuskarta. A 1996 da 1997 ta haɗu da Todd Terry da Jocelyn Brown suka fitar da waƙoƙin da suka shiga goman farko a Birtaniya. A 2004 ta kafa kamfaninta na kanta, Purple Rose, don kada ta sake jiran wani ya yanke mata abin da zai sayu.

Kada kuma wani ya ce, to ai ƙarshen ya yi kyau, a bar zancen. Kyawun ƙarshen ba kyautar kowa ba ce, ƙwatowa ta yi, da lauyoyi da shekaru huɗu na jira. Ta iya hakan ne don tana da tsohon suna da murya da ba a iya musantawa. Wadda ba ta da kuɗin lauya fa? Wadda ta ji tsoron kada a daina kiranta aiki fa? Nasarar mutum ɗaya ba ta wanke tsarin da ya tilasta masa yin faɗa a kan abin da tun farko nasa ne.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda ba ruwansu da kiɗan gidan rawa, wasu ma suna ƙyamarsa, kuma ban zo in sa kowa ya so shi ba. Amma ƙin sana'ar mutum ba ya halatta cin haƙƙinsa, kuma wanda ya saba cewa "ai an biya shi" a kan mawaƙiya, gobe zai faɗa a kan tela da magini da malamin da aka kwafe littafinsa aka cire sunansa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da nake roƙo ƙarami ne: duk wanda zai yaɗa waƙa ko rubutu ko hoto a waɗannan shafuka namu, ya tsaya ya tambayi wane ne mai shi, ya rubuta sunansa. Martha Wash ta kwashe shekaru huɗu tana shari'a a kan layi ɗaya na rubutu a ƙasan bidiyo. Mu ba zai ci mana minti ɗaya ba.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane. Wassalam.