Ukulele na wa ne?

Yara, ku duba taswirar duniya. A tsakiyar tekun Pasifik akwai tsibiran da ake kira Hawai. Can ne gidan wani ɗan abin kiɗa mai suna ukulele. Kamar ƙaramar gita yake, amma tsirkiya huɗu gare shi.

Waɗansu mutane suna cewa ukulele ba na Hawai ba ne, kayan aro ne. Kuma an ce zanen aro ba ya rufe katara. To, bari mu bi labarin mu gani.

A shekarar 1879 wani jirgin ruwa ya iso birnin Honolulu. Ya kawo mutane daga tsibirin Madera, na ƙasar Fotugal, don su yi aiki a gonakin rake. Sun zo da ƴan ƙananan gitocin ƙasarsu. A cikinsu akwai masassaƙa uku: Manuel Nunes, da Augusto Dias, da Jose do Espirito Santo. Su ne suka fara sassaƙa ukulele. Ashe masu wancan zance suna da tasu gaskiya.

Amma ni a ganina ukulele na mutanen Hawai ne. Ga dalilaina.

Na farko, da itacen ƙasarsu aka sassaƙa shi, wani itace da suke kira kowa. Na biyu, da harshensu aka raɗa masa suna. Ana fassara sunan da “ƙuma mai tsalle”, wai don yadda yatsun makaɗi ke tsalle bisa tsirkiya. Na uku, sarkinsu Kalakawa, wanda ya yi sarauta daga 1874 zuwa 1891, ya shigar da shi fada. Aka riƙa kaɗa shi ana waƙoƙinsu, ana rawarsu ta gargajiya mai suna hula. A 1893 aka tumɓuke sarautar Hawai, a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran. Sarauta ta faɗi, harshensu ya raunana, amma waƙoƙinsu sun ci gaba da fita tare da ukulele.

Ko muryarsa ta daban ce. Ana daidaita tsirkiyoyinsa a kan sol, do, mi, la. A gita, tsirkiyar sama ita ce mai kaurin murya. A ukulele kuwa, galibi tsirkiyar sama, wato sol, ta fi do da mi siririyar murya. Shi ya sa sautinsa ke da kaifi da daɗi.

Manyan irinsa huɗu ne. Ƙaramin shi ne soprano, sai konsa, sai teno, sai babbansu bariton, mai bin re, sol, si, mi.

A 1915 makaɗan Hawai suka kaɗa shi a wani babban baje koli a San Faransisko, mutanen Amurka suka so shi. Yau ana koyar da shi a makarantun Kanada da Ingila, ana kaɗa shi a Japan. Duk inda ya je, da sunansa na Hawai ake kiransa.

Abin da ka karɓa ka ajiye yadda yake, aro ne. Abin da ka karɓa ka sarrafa, ka sa masa harshenka, ka koya wa ƴaƴanka, ya zama naka. Sai dai kar ka manta da wanda ya kawo maka shi.

Tambayoyi
1. Daga ina masassaƙan nan uku suka zo?
2. Waɗanne dalilai uku aka kawo?
3. Kai fa, na wa kake ganin ukulele?