Masu Tara Tarkace A Ƙasar Gumel: Aikin Duba-gari Ne Ko Na Likita?

A cikin watan Janairu na 2023 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Galibin abin da tsohuwar doka ta sani shi ne kamawa da kullewa. Sabuwar kuwa ta ɗauki mai ciwon hankali majinyaci ne kamar kowa, yana da hakkin a yi masa magani, a kuma kiyaye mutuncinsa. Mun ga ya kamata mu gwada wannan doka a kan wani al'amari da ke gabanmu kullum amma ba mu saba lissafa shi cikin cututtuka ba, watau halin mutanen nan masu tara tarkace har ɗaki ya gagari shiga.

Duk wanda ya yi aiki a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar ya san irinsu. Wata tsohuwa ce da ta cika ɗakinta da leda, da gwangwanaye, da tsummokara, da fasassun tukwane, har gadon ya ɓace, ta koma kwana bakin ƙofa. Wani kuma dattijo ne da ya yi ritaya, takardu da jaridu da rubabbun kayan keke sun kai rufi, ba ya yarda ko jikansa ya taɓa. Makwabta su ce rowa ce, dangi su ce ƙazanta ce, wasu su ce iska ce ko sammu.

Sai mu yi hattara a nan, gama ajiya ba cuta ba ce. Ƙasar Lautai ƙasa ce ta rairayi da gajeren damina, kakanninmu sun sha fari da yunwa, saboda haka mai cika rumbu da gero mutum ne mai hangen nesa. Matar da ta jera kwanuka da tasoshi a ɗakinta dukiyarta ce ta adana, ran buƙata ta sayar. Ɗan jari-bola mai tara ƙarafa sana'a yake yi. Haka kuma ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi don ya yi tsada, laifinsa dabam ne, wannan ba zancensa ba ne. Abin da likitoci ke kira cuta yana da alamomi uku: mutum ya kasa rabuwa da kaya ko da ba su da amfani; in aka ce a zubar sai hankalinsa ya tashi matuƙa; sa'an nan kayan su cika wurin zama har a kasa kwana ko girki a cikinsa.

A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan hali cikin littafinta a matsayin cuta mai zaman kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da shi cikin sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka ya nuna kamar mutum 2 ko 3 cikin kowane 100 suna da ita. In muka auna da wannan mudu, gari mai manya 1,000 ba zai rasa mutum 20 ba. Abin yakan soma tun ana samartaka, ya riƙa ƙaruwa da shekaru, shi ya sa aka fi ganinsa ga tsofaffi. Yakan bi jini, yakan kuma tsananta bayan mutuwar miji ko ɗa, ko wata babbar hasara. Kusan rabin masu ita suna fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Akwai kuma waɗanda ba son kayan suke yi ba, shirya su ne ya gagare su, saboda rikicewar tsufa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rashin iya tsai da hankali wuri ɗaya tun ƙuruciya. Waɗannan suna murna in aka taya su gyara.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. In hunturu ya kama, iska na kaɗawa, mutane na shiga ɗaki da kaskon wuta, ɗakin da ya cika da leda da tsumma ba ya jiran mai kawo ruwa, kuma a gidajenmu na dangi wutar ɗaki ɗaya ta kowa ce. Ga ɓeraye, waɗanda su ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Ga macizai da kunamu, ga tsoho ya yi tuntuɓe ya karye. Ko a ƙasar Turawa haka abin yake: a 1947 aka sami wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, matattu a gidansu na birnin New York. Tulin kaya ne ya danne Langley, Homer kuwa makaho ne, ya mutu da yunwa don babu mai kawo masa abinci. Tarkacen da aka fitar daga gidan ya fi tan 100.

To, me muka saba yi? Tun zamanin En'e maganinmu duba-gari ne: ya shiga gida, ya leƙa randa, ya rubuta sammaci. In ba shi ba, 'ya'ya su jira tsohuwa ta tafi biki ko kasuwar Alhamis ta Maigatari, su kwashe kayan su cinna wuta. Niyyarsu mai kyau ce, ba ma musu. Amma waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan cuta sun tabbatar da cewa kwashewa da ƙarfi ba ta magani. Kafin 'yan watanni ɗaki ya sake cika, mai shi kuma ya daina yarda da kowa, ya sa kwaɗo a ƙofa, wani ma baƙin ciki ya kwantar da shi. An share ɗaki, an bar cutar inda take. Mafi muni shi ne a kai mutum gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ya isa gargaɗi.

Maganin da ya fi ci har yanzu na baki ne da horo, ba allura ba. Masana biyu na Amurka, Randy Frost da Gail Steketee, su ne suka fi yin aiki a kansa. Mai magani yakan zauna da majinyaci mako mako, sau ashirin ko fiye, wani zaman a cikin ɗakin kansa. Ba ya taɓa kome sai da izini. Ana fara da kusurwa ɗaya, a kasa kaya kashi uku: na ajiyewa, na bayarwa, na zubarwa, kuma mai kayan ne ke yanke hukunci. Ana tambayarsa yaushe rabonsa da amfani da wannan abu, me zai faru in ya rasa shi. Ana koya masa ya bi ta kasuwa ya dawo bai tsinci kome ba. Gaskiya ita ce waɗanda ke warkewa sarai ba su kai rabi ba, amma da yawa suna samun sauƙi, su sami wurin kwana da hanyar fita. In akwai ciwon baƙin ciki tare, likita ya ba da ƙwayoyinsa.

Mai karatu zai ce ina za mu sami masu wannan aiki, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200? Tambaya ce mai ƙarfi. Asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa yana Kazaure, na Kano yana Dawanau, kuma babu tsohuwar da za ta bar ɗakinta a Gagarawa ta riƙa zuwa can kowane mako. Amma ba sai mun je Amurka neman dabara ba. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zaune a gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ma'aikata na bi suna duba su. Duniya ta yaba da wannan tsari. Cutar tarkace ma ta fi kowace dacewa da shi, tun da yake a gida take, a gida kuma za a yi maganinta.

Ra'ayinmu shi ne a fara da makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun, inda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da duba-gari. A koya musu gane wannan cuta, da bambanta ta da rikicewar tsufa, da sanin wanda ya kamata a tura babban asibitin Gumel ko Kazaure. Duba-gari kada ya shiga irin wannan gida da takardar sammaci; ya tafi tare da ma'aikacin lafiya da mai unguwa, a fara neman abu uku kawai: a buɗe hanyar ƙofa, a nisantar da kaya daga wuta, a fitar da abin da ke ruɓewa. Sauran a bi a hankali. Majalisar Sarkin Gumel tana da hakimai da dagatai da limamai waɗanda tsofaffi ke jin maganarsu, kuma tsohon da ba zai yarda a zubar da rigarsa ba sau da yawa yakan yarda ya ba da ita sadaka.

Ku kuma malaman makaranta, yaron da kullum yake zuwa da warin ɗaki, ba ya gayyatar abokai gidansu, ku bincika a asirce kafin ku ɗauki bulala. Akawunan ƙananan hukumomi huɗun nan kuwa, ku ne ke rubuta kasafin kuɗin sashen lafiya. Abin da aikin ke buƙata bai wuce kuɗin man babur na ma'aikaci ɗaya a kowace gunduma ba, da littafin da zai riƙa rubuta gidajen da ya ziyarta, a kulle shi a akwatin asibiti don kada sunan kowa ya fita gari.