Wahala Ba Ta Gina Yaro: Darasi Daga Rayuwar Oprah Winfrey

Sau da yawa idan aka kawo labarin wanda ya taso cikin ƙunci sannan ya ɗaukaka, sai mu ji ana cewa wahala ce ta gina shi, har wasu iyaye su mayar da wannan magana hujjar yin sakaci da 'ya'yansu. Mu kam muna ganin wannan fahimta kuskure ce babba, kuma rayuwar Oprah Winfrey, shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin a ƙasar Amurka, ta ishe mu misali.

An haife ta a shekarar 1954 a karkarar jihar Misisifi. Kakarta ce ta riƙe ta a gona, cikin talaucin da ya kai har da buhun dankali ake ɗinka mata riga. Tana shekara 6 aka mayar da ita wurin mahaifiyarta a birnin Milwoki, inda tun tana shekara 9 wasu daga cikin dangi da makusantan gidan suka riƙa yin lalata da ita, kamar yadda ita da kanta ta bayyana daga baya. Tana shekara 14 ta haifi bakwaini, bai daɗe ba ya rasu.

To, shin a cikin wannan duka mene ne ya gina ta? Haƙiƙa wahalar ta kusa halaka ta ne, ba don wasu manya sun tsaya mata ba. Na farko, kakarta, wadda ta koya mata karatu tun tana shekara 3. Na biyu, mahaifinta a birnin Nashbil, wanda ya karɓe ta bayan al'amari ya ɓaci, ya kafa mata dokar karanta littafi guda kowane mako tare da rubuta bayaninsa. Na uku, waɗanda suka buɗe mata ƙofa: gasar iya magana ta sama mata gurbin karatu kyauta a Jami'ar Jihar Tenesi, gidan rediyon WVOL kuma ya ɗauke ta karanta labarai tana shekara 17.

A kan wannan tushe ta hau. A 1976 ta koma talabijin a birnin Baltimo, aka cire ta daga karanta labarai, amma a 1978 aka ba ta shirin hira, nan baiwarta ta bayyana. A 1984 ta koma Shikago, daga 1986 kuma shirinta ya game ƙasar baki ɗaya har zuwa 2011, wato shekara 25 cur.

Abin lura a nan shi ne abin da ta yi da wannan ɗaukaka. A 1991 ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka tana neman dokar kare yara daga masu cin zarafinsu, aka sa wa dokar hannu a 1993. A 1996 ta fara tallata littattafai a shirinta, a 2007 kuma ta buɗe makarantar 'yan mata marasa galihu a Afirka ta Kudu. Da wahala ce malamarta, ai da ba ta kashe ƙarfinta da dukiyarta wajen raba yara da ita ba.

Sannan kada mu manta, wanda ya tsira kaɗai muke jin labarinsa. Yaran da irin wannan ƙunci ya haɗiye ba wanda ya miƙa musu makirufo.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu riƙo da malamai: mu sa ido a kan masu shiga gidajenmu, ko da dangi ne, mu saurari yaro idan ya kawo kuka, mu sa masa littafi a hannu tun yana ƙarami, kada kuma mu yanke ƙauna daga wanda ya yi tuntuɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan nauyi a wuyanmu yake.