Kututturen da Aka Sare Yana Sake Toho: Kira Ga 'Yan Kasuwa Masu Bi na Madarunfa

Yau muna so mu taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu bin Almasihu na yankin Madarunfa, wato yadda 'yan uwa ke janye jiki daga majami'a da zarar kasuwa ta juya musu baya, ko shakka ta shiga zuciyarsu, ko kuma suka yi tuntuɓe. Ko da yake da Kiristoci muke magana, mun san maƙwabtanmu Musulmi da muke zaune rumfa ɗaya da su ba za su rasa abin tsinta a ciki ba, domin kuwa asara ba ta tambayar addinin mutum kafin ta shiga rumfarsa.

Kowa ya san irin wuyar da masu saye da sayarwa suka sha a wannan yanki. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disamba na 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta sake rufewa har zuwa farkon 2024. Ga 'yan bindiga masu satar mutane da dabbobi a ƙauyukan bakin iyaka, ga kuma ambaliyar daminar 2024 da ta rushe gidaje a jihar Maradi. Jarin da aka tara jika-jika cikin shekaru ya narke cikin 'yan watanni.

A cikin wannan hali ne muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Mace mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta karɓi gyaɗa bashi, ciniki ya tsaya, ranar zubin adashi ta zo ba ta da ko dala. Lahadi ta farko ta ce ba ta jin daɗin jiki, ta biyu ta ce ta yi baƙi, ta uku kuwa ba wanda ya ƙara tambaya. Alhali kunya ce ta zaunar da ita gida, tare da wata tambaya da take tsoron furtawa: in har Allah yana jin addu'a, me ya sa ya bar ni na karye? Irin wannan mace muna da ita kusan a kowace ikilisiya, kuma akwai maza takwarorinta.

Abin takaici shi ne akwai wa'azin da ke ƙara wa ciwon nan gishiri. Wasu masu wa'azi suna koya wa mutane cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya dole rumfarsa ta cika, wanda ya yi asara kuwa ko dai baikonsa ya yi kaɗan, ko yana ɓoye wani zunubi. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Da riba ce ma'aunin bangaskiya, da masu ɓoye hatsi suna jiran ya yi tsada su ne waliyyan wannan zamani. Rufe iyaka hukuncin gwamnatoci ne, ya shafi mai yawan addu'a da marar yi baki ɗaya.

Mu duba mutanen da Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarinsu. Bitrus ya yi alkawarin ba zai taɓa rabuwa da Ubangijinsa ba, amma a dare ɗaya ya yi musun saninsa har sau uku, ya fita yana kuka, daga baya ya koma kamun kifi kamar masuntanmu na bakin tafki. A bakin ruwan ne Yesu ya same shi, ya fara ba shi abin karin kumallo, sannan ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Toma kuwa ya fito fili ya ce ba zai gaskata tashin Yesu ba sai ya gani da idonsa. Abin lura a nan shi ne bayan mako guda Toma yana nan cikin ɗaki tare da sauran almajirai, bai guje su ba, su ma ba su kore shi ba, kuma a nan ne ya sami amsarsa. Da ya kulle kansa a gida saboda kunya, da labarin ya sha bamban.

Ba sai mun je ƙasar Isra'ila neman misali ba, a ƙasarmu ta Maradi ma an yi. A 1981 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo aiki da mishan ta SIM, wadda ta kafa asibitin Danja da muka sani. Aikinsa dashen itatuwa ne don tare hamada. Ya yi ta reno yana rabawa a ƙauyuka, amma rana da iska da awaki suka kashe mafi yawansu. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda gwiwarsa ta yi sanyi, har ya roƙi Allah ya buɗe masa ido ya nuna masa abin yi. A 1983, yana kan hanya da kayan dashe, ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba da kyau sai ya gane ashe tohon kututturen babban itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan aka fara abin da manomanmu ke kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon duka a ƙone, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da farko dariya aka yi masa. A yunwar 1984 mutane suka karɓi dabarar saboda taimakon abinci, da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani, maƙwabta suka yi koyi. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin kore a Nijar, kuma a 2018 aka ba mutumin babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Kalgo da gawo da muke gani a gonakin da ke kan hanyar kasuwanninmu shaida ne.

To, haka bangaskiyar mai bi take. Littafin Ayuba, sura 14, ya yi zancen itacen da aka sare ya sake toho da zarar ya ji sansanar ruwa. Bashi ya sare ki, shakka ta sare ka, amma saiwar da Allah ya dasa ba ta hannun mai bin bashi. Mu da ke tsaye a gefe sai mu daina kallon kututture muna cewa ya mutu.

Wataƙila wani ya ce, ashe ke nan kowa ya yi abin da ya ga dama, tun da akwai gafara? Ko kusa. Sassabin zamani ma da wuƙa ake yin sa. Dole mu bambance abu uku. Asara ba zunubi ba ce, tana bukatar taimako. Shakka ba ridda ba ce, tana bukatar mai saurare da mai koyarwa. Amma tauye tiya, da zuba tsohon gero a ƙasan buhu a rufe da sabo, da cinye kuɗin adashin mutane, waɗannan zunubi ne, maganinsu tuba da mayar da haƙƙi. Zakka mai karɓar haraji na Yariko bai tsaya ga neman gafara da baki ba, sai da ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Wanda ba ya iya biya gaba ɗaya ya je wurin mai haƙƙi da shaida, a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowace ranar kasuwa. Wannan ya fi ɓuya daraja.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiya da su bar ƙofa a buɗe ga mai tambaya, kada duk wanda ya furta shakkarsa ya zama abin nuni da baki. Horon ikilisiya kuma ya kasance da ranar ƙarewa, a mayar da mutum cikin 'yan uwa da murna. Ga iyayenmu na zumuntar mata, zumunci a ƙafa yake. Wadda aka yi Lahadi biyu ba a gan ta ba a je gidanta, kuma a je da tiyar gero a hannu kafin a buɗe baki da nasiha. In da hali a ware wani abu daga asusun zumunta a matsayin rance marar ruwa don tayar da wadda jarinta ya karye. Ke kuma 'yar uwa da kika zauna gida, ki dawo ko ba ki da abin baiko, ki dawo da tambayarki a bakinki. Addu'ar da ta fara da ƙorafi ma addu'a ce, Zabura cike take da irinta.

Daga ƙarshe, duk wanda ya taso a Madarunfa ya san tafkinmu yana ja da baya da rani, har a yi shuka a inda ruwa ya kwanta, amma ba mai sayar da komarsa saboda haka, don ya san damina na tafe. Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya tayar da waɗanda suka faɗi, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.