Ra'ayinmu: Kada Mu Mai Da 'Ya'yanmu Baƙi A Cikin Gidajenmu

Shekara da shekaru ke nan wannan ƙungiya tana kokawa a kan yadda ake kiran mutanenmu baƙi a garuruwan da aka binne cibiyarsu, har a tambayi yaro takardar shaidar asali kafin a ba shi gurbin karatu ko aiki. Kullum hujjarmu ita ce sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko inda ya fito, ko yanayin haihuwarsa. To, jama'a, yau da wannan hujja za mu auna kanmu.

A unguwanninmu na Kafanchan, da Jagindi, da Kachia, da Zangon Kataf, akwai yara da manya waɗanda Allah Ya jarrabe su da raunin fahimta. Ba mu kiran su da sunan da aka raɗa masu ranar suna, sai wawa, sai dolo, sai gaɓo, wani ma a ce ɗan ruwa ne. Idan an yi baƙi a tura su ƙuryar ɗaki. Idan sun fito yara su bi su da jifa, manya suna zaune a dakali suna dariya. Wasu a miƙa masu kwanon bara, 'yan mata kuwa su faɗa hannun marasa tsoron Allah, a rufe maganar wai don gudun abin kunya. Idan wannan ba wariya ba ce, mece ce?

Ya kamata mu fahimci cewa raunin fahimta daban, taɓin hankali daban. Mai raunin fahimta yana koyo, sai dai a hankali, kuma yana bukatar a riƙa maimaita masa. Likitoci sun san dalilansa da dama. Akwai wanda ake haihuwar yaro da shi, kamar lalurar galahanga da Turawa ke kira Down, wadda ake samu a wajen jariri 1 cikin 1,000 a duniya. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi da wuri, da shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010 ta bar wasu da dama da wannan lalura. Saboda haka a daina ɗora wa uwa laifi, a daina zargin kishiya da asiri. Mai ciki ta je awo, ta haihu a asibiti, kuma da zarar an ga idon jariri ya yi rawaya a garzaya da shi wurin likita.

Ba mu manta da abin da ya faru a Rigasa cikin Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa. Dalilan kai su can sun sha bamban, amma galibi danginsu ne suka kai su. Duk gidan da ya fara ganin ɗansa kaya ne da za a sauke, ya kama wannan hanya ke nan.

Doka tana tare da waɗannan bayin Allah. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. A 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna masu wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna masu wariya, da Naira miliyan 1 ga kamfani. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021.

Mun sani wasu iyaye za su ce aji ya cika maƙil, malami ɗaya da yara barkatai, kuma bai sami horon koyar da irin wannan yaro ba. Gaskiya ne. Akwai ma yaran da lalurarsu ta yi tsanani, sai da kulawa ta musamman. Amma da yawansu za su iya zama aji ɗaya da 'yan uwansu, su koyi gaisuwa, da tsafta, da ƙidayar kuɗi, da rubuta sunansu. Yaron da aka kulle a gida ko ɗaya daga ciki ba zai samu ba, hukuma kuma ba za ta yi tanadi don yaron da ba ta san da shi ba.

Don haka muna kira ga magidanta su yi wa yaran nan takardar haihuwa, su sa su makaranta. Duk wanda aka mayar masa da yaro ya sanar da ofishin ƙungiya, mu raka shi wurin kwamitin kula da makarantar, in ta kama har gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Malaman allo da na Islamiyya su karɓe su, su ajiye bulala, ko sura ɗaya yaro ya riƙe riba ce. Teloli da kafintoci da 'yan kasuwa su ɗauke su koyon sana'a. Masu rabon gado su tuna cewa shari'a ba ta soke rabon mai raunin fahimta ba, waliyyinsa amana kawai yake riƙewa. Kazalika, wanda ya ga tashin hankalin 2011 ya san ranar gudu wanda bai gane haɗari ba shi ake bari a baya, don haka kowane gida ya san wanda zai riƙe hannun yaronsa.

Muna kuma roƙon Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ta ba ɗalibanta horo a wannan fanni, tunda ga Jami'ar Jos kusa da mu ta daɗe tana koyar da shi. Wannan lalura ba ta san masallaci ko coci ba, tana gidajen maƙwabtanmu Fantswam da Bajju da Kaninkon da Atyap kamar yadda take a namu. Ranar 3 ga Disamba ita ce ranar naƙasassu ta duniya, me zai hana mu yi taronta tare da su?

Mai neman a kira shi ɗan gari, ya fara kiran ɗansa da sunansa. Allah Ya sa mu dace, amin.