Alhaji ya rasu, shago ya bi shi

Ku shiga Kantin Kwari ko Singa ku tambayi dattawan kasuwa labarin attajiran da ake ji da su a da. Za su jero muku sunaye, sannan su ce, "Allah ya jiƙansa, ai bayansa komai ya watse." Ana faɗin haka kamar ba makawa. Ni kuwa sakaci nake kiransa, kuma sakacin na mai dukiyar ne.

Alhaji ya riƙe komai a ka: wanda yake bi bashi, wanda ke binsa, kwantenar da ke kan ruwa, kuɗin da ya ba dila a Legas. Takardun filaye suna ƙarƙashin katifa, asusun banki da sunansa shi kaɗai. Babban ɗansa ya haura shekara arba'in, aikinsa riƙe makullin sito da jiran "ungo, sa mai a mota." Ran da ya kuskura ya ce, "Baba, da an rubuta abubuwan nan," sai a daka masa tsawa: "Au, mutuwata kake jira?"

To, mutuwar ba ta neman izini. Kafin sadakar arba'in 'yan ubanci ya tashi, kowane ɗaki ya ja daga, an garƙama wa shago kwaɗo biyu, an tafi kotu. Atamfa tana shan ƙura har yayinta ya wuce. Waɗanda ake bi bashi sun yi gum, tunda babu rubutu. Yaran shago da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a wurin an sallame su hannu rabbana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'ya'ya mata da matan mamaci: wani yaya ya ce shi zai "juya musu" rabonsu, daga nan sai labari.

Kada wanda ya ɗora wa shari'a laifi. Ta ba matan mamaci tumuni, ta ba namiji rabon mace biyu, amma ina ta ce dole a yayyanka kasuwanci a sayar? A yi wa kamfani rajista a CAC, a raba hannun jari bisa ƙa'idar gado, a naɗa wanda ya iya ya gudanar, kowa ya riƙa karɓar ribarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Alhaji yana jin ta duk azumi, ya koma shago ya ba da kayan miliyoyi da baki.

Alhassan Dantata ya sa 'ya'yansa a harkar gyaɗa da goro tun yana raye. Ya rasu a 1955, gidan bai faɗi ba; daga baya ɗansa Aminu ya riƙe shi har rasuwarsa a 2025, Aliko Dangote kuma jikan wani ɗan Alhassan ne, Sanusi. A Kanon nan aka yi wannan, to wane uzuri ya rage wa sauran? Limaman da ke mana huɗubar rabon gado su fara tambayar masu sahun gaba: ina littafin shagonku, wa kuka koya wa riƙe shi?