Kafin Ka Koyi Yanka, Koyi Tarbar Ƙwallo

A wannan makon filin ƙwallo za mu leƙa.

Ra'ayina shi ne, a filayen unguwanninmu mun fifita yanka a kan tarbar ƙwallo, kuma muna cutar yaranmu da hakan. Yaro ya yanke mutum uku, sai fili ya kaure da ihu ko da ƙwallon ta ƙare a waje. Wanda aka cillo wa ita daga nesa ya kwantar da ita a gabansa kamar an ajiye ƙwai, ba mai tafa masa.

Ku tuna wasan Najeriya da Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Victor Moses ya bugo ƙwallo daga dama tana tafe a sama. Ahmed Musa ya miƙa ƙafar dama ya kashe mata gudu, ta ɗan yi tsalle a gabansa, ya ɗirka ta a raga. Kowa bugun yake tunawa. Amma da taɓawar farko ta yi nisa da taku ɗaya, da 'yan baya sun share ta. Haka Dennis Bergkamp na Holan ya yi wa Ajantina a 1998: Frank de Boer ya cillo ta tun daga nasu ɓangaren, ya sauke ta, ya kauce wa Roberto Ayala, ya jefa ta raga. Taɓawa uku kacal.

Mafi yawan aikin yana faruwa ne kafin ƙwallon ta iso. Ɗan wasa ya waiga ya ga inda mai tsaronsa yake, ya tsaya a karkace don ya ga mai ba shi da kuma inda zai nufa. Idan ta zo, kada ya sandare ƙafa. Ya ɗan ja ta baya kamar mai cafe tumatir ɗin da aka jefo masa. Ƙafa sandararriya bango ce, ƙwallo tsalle za ta yi ta gudu. Sannan ba tsayar da ita ake so ba, a tura ta ne inda babu abokin hamayya.

Wani zai ce filayenmu duk rairayi ne da tsakuwa, ƙwallo ba ta tafiya daidai. Gaskiya ne, amma wanda ya saba tarbar mai karkacewa, in ya hau ciyawa sauƙi zai samu. Kayan aikin ma ba tsada: bango ɗaya, ƙwallo ɗaya, a buga a tare, da dama da hagu, da cinya da ƙirji.

Ku kuma masu sa ɗan ƙwallo a labari, ku daina tsayawa a "ya yanke su ya ci". Ku nuna mana waigen da ya yi kafin ta iso ƙafarsa.